Daga Garken Tumaki Zuwa Ɗakin Haihuwa: Binciken Graham Liggins da Rayuwar Bakwaini



Gabatarwa

Akwai wata tambaya da aka daɗe ana yi wa jami'a, wadda kuma ba za a daina yi mata ba, watau mene ne amfanin binciken da malamanta ke ɓata shekaru suna yi? Ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin rabon kuɗin hukuma yana da hakkin ya yi wannan tambaya, haka nan ɗalibin da ake shirin sakawa a wannan hanya. Amsar da akan bayar sau da yawa ita ce a ƙidaya maƙalun da malami ya buga da lambobin girma da ya samu. To, amma wannan awo bai isa ba. A ganina ba a sanin nauyin bincike sai an bi sawunsa tun daga ɗakin gwaji har zuwa gadon majinyaci, an ga abin da ya tsare shi a hanya da abin da ya ƙarasa da shi.

Saboda haka na zaɓi aikin mutum guda in bi sawunsa tare da ku. Mutumin shi ne Graham Liggins, likitan mata da haihuwa na ƙasar Niyu Zilan, wanda aka haifa a 1926, ya rasu a 2010. Shi ne ya gano cewa idan aka yi wa mace mai ciki wata allura kafin ta haifi bakwaini, huhun ɗanta zai yi saurin nuna. Abin da ya gano ya yi fiye da shekara 20 kafin ya karɓu, ya kuma yi kusan shekara 50 kafin a tabbatar da yadda ya kamata a yi aiki da shi a ƙasashe irin tamu.

Bakwaini da Matsalar Numfashi

Kalmar bakwaini daga bakwai ta fito, watau ɗan da aka haifa a wata na bakwai. A wurin likitoci kuwa, cikakken ciki mako 40 ne, duk ɗan da ya zo kafin a cika mako 37 bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan yara miliyan 13.4, kusan ɗaya ke nan cikin kowace haihuwa goma, kuma Nijeriya ce ta uku wajen yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa matsalolin zuwa da wuri sun kashe yara wajen 900,000 a 2019.

Babban abin da ke fara kayar da bakwaini shi ne numfashi. Huhun ɗan Adam cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, miliyoyi, kowace tana da laima a cikinta. Kowa ya san yadda jiƙaƙƙiyar leda ke mannewa, har sai an sha wuya kafin a buɗe bakinta. Haka waɗannan jakunkuna za su riƙa yi duk lokacin da aka fitar da numfashi, in ba don wani sinadari mai santsi kamar ruwan sabulu da huhu ke yi ya shafe cikinsu da shi ba. Masana na kiran wannan sinadari safaktan. Huhun ɗan tayi yakan fara yin sa ne wajen mako na 24, amma ba ya wadata sai wajen mako na 34 ko 35. Jaririn da ya riga wannan lokaci zuwa, kowane numfashi nasa tamkar hura sabon balan-balan ne. Sai a ga yana haki, yana nishi, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, leɓensa na sauya launi, har ƙarfinsa ya ƙare.

A shekarar 1959 ne wata likitar yara, Mary Ellen Avery, da abokin aikinta Jere Mead, suka nuna a Jami'ar Harvard ta Amurka cewa huhun jariran da wannan cuta ta kashe ba shi da safaktan. An san dalili ke nan, amma ba a san magani ba. A watan Agusta na 1963 matar shugaban Amurka, John Kennedy, ta haifi ɗa namiji saura mako biyar da 'yan kwanaki cikinta ya cika, ya rasu bai cika kwana biyu ba, duk da cewa babu irin gwanin likitan da ba a tara masa ba. In haka ta sami ɗan shugaban ƙasa, sai ku kwatanta halin ɗan talaka.

Liggins da Tumakinsa

Abin da ya kamata ɗalibai su lura da shi tun farko shi ne, Liggins ba huhu ya fita nema ba. Yana aiki ne a Babban Asibitin Mata na birnin Okland, tambayar da ta dame shi kuwa ita ce: me ke tayar da naƙuda? Tunaninsa shi ne in an san abin da ke tayar da ita, ana iya hana ta zuwa kafin lokaci. A wancan zamani yawancin masana sun ɗauka cewa jikin uwa ne ke yanke wannan shawara.

Amma likitocin dabbobi sun riga sun ga wani abu. A jihar Idaho ta Amurka, tumakin da suka ci wani tsiro na kan duwatsu a farkon ciki sukan ɗauki 'ya'ya masu nakasar kai, har da masu ido ɗaya, sa'an nan cikin ya wuce lokacinsa da nisa ba naƙuda. Irin waɗannan 'ya'ya suna da tawaya a wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda ake kira fituwitari, ita ce kuwa ke aika wa sauran sassan jiki umarni ta hanyar jini. Liggins ya ce a ransa, watakila ɗan ne ke ƙwanƙwasa ƙofa, ba uwar ba.

Sai ya koyi yi wa ɗan tunkiya tiyata yana cikin mahaifa, a mayar da shi a ɗinke, ciki ya ci gaba. Wani sashe na wannan aiki ya yi shi ne a makarantar likitocin dabbobi ta Davis, a Kalifoniya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san tunkiya wata biyar take yi, watau kwana 147 ko kusa da haka. Da Liggins da abokan aikinsa suka lalata fituwitarin ɗan, sai lokaci ya yi ya wuce, tunkiya ba ta haihu ba. Sun buga wannan a 1967. Sa'an nan ya juya gwajin. Fituwitari ce ke umartar wata tsoka da ke kan ƙoda ta fitar da sinadarin kotisol. Da ya riƙa ɗura wa ɗan tunkiya kotisol ko magunguna danginsa, sai naƙuda ta taso kafin lokaci. Ta tabbata ke nan cewa a wurin tumaki ɗan ne ke tayar da haihuwarsa.

A nan ne abin da bai nema ba ya faɗo masa. Cikin 'ya'yan da aka haifa da wuri ta wannan hanya, tsakanin kwana 117 da 123, ya tarar da waɗansu da iska ta shiga huhunsu, alhali a ƙa'ida huhun ɗan tunkiya na wannan lokaci a cushe yake kamar hanta, ba ya ɗaukar iska. Da wani ne, da ya ce wannan ba ya cikin tambayarsa, ya wuce. Shi kuwa ya rubuta shi a maƙalarsa ta 1969, ya ce mai yiwuwa maganin ne ya sa huhun ya fara yin safaktan da wuri. Ba da daɗewa ba Avery da mutanenta suka gwada a Amurka suka tarar haka abin yake.

Wani abin mamaki shi ne, daga baya an gane cewa a wurin 'yan Adam kotisol ba ya tayar da naƙuda yadda yake yi wa tumaki. Watau amsar tambayar da ya fita nema ba ta hau kanmu daidai ba, abin da ya tsinta a gefen hanya shi ya ceci rayuka. Wannan bambanci ma alheri ya zama, domin shi ya sa ana iya ba mace maganin ya nunar da huhun ɗanta ba tare da ya jawo haihuwar ba.

Gwajin Okland

Ganin abu a jikin dabba daban, tabbatar da shi a jikin mutum daban. Liggins ya haɗa kai da wani likitan yara na asibitinsu, Ross Howie, suka fara gwaji a watan Disamba na 1969. Matan da suka zo da alamun haihuwa kafin lokaci aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka yi musu allurar betametason sau biyu, tsakaninsu awa 24. Ɗaya gidan aka yi musu wata allura mai kama da ita a ido, amma mai rauni ƙwarai. Ƙuri'a ce ta raba su, kuma daga matar har likitanta babu wanda ya san wadda aka yi mata. Hikimar wannan tsari ita ce, likita mutum ne, in ya san wa ya sami magani, zuciyarsa za ta iya karkata wajen zaɓe ko wajen fassara abin da ya gani, ko da bai yi nufi ba.

A 1972 suka buga sakamakon mata 282 na farko a mujallar likitocin yara ta Amurka. Cikin waɗanda naƙuda ta zo musu da kanta, cutar numfashi ta kama kashi 9 cikin 100 na jariran da iyayensu suka sami maganin, a ɗaya gidan kuwa kusan kashi 26. Mutuwa a kwanakin farko kashi 3.2 ce a gidan magani, kashi 15 a ɗayan. Amfanin ya fi fitowa ga 'yan ƙasa da mako 32 waɗanda aka yi wa uwarsu allurar aƙalla kwana guda kafin haihuwa. Ba su kuma ɓoye abin da ya ba su tsoro ba, sun faɗa cewa akwai alamar haɗari ga 'ya'yan mata masu tsananin hawan jini na ciki, abin da binciken baya ya kawar da shakkarsa. Suka ci gaba da gwajin har 1974, matan suka kai 1,142.

Shekaru Ashirin na Jinkiri

Mai sauraro zai zaci cewa daga nan duniya ta rungumi maganin. Magani ne mai araha, yana nan a kowane babban asibiti, ga kuma hujja. A Niyu Zilan da Ostireliya an karɓe shi da wuri. A Ingila da Amurka kuwa, yawancin likitoci suka yi biris da shi.

Masana sun kawo dalilai da dama. Na farko, tsoro. Ba a daɗe ba da masifar maganin talidomaid, wanda ya sa aka haifi dubban yara da nakasar hannu da ƙafa, sa'an nan a 1971 aka gano cewa wani maganin da aka daɗe ana ba masu ciki yana jawo wa 'ya'yansu mata ciwon daji bayan sun girma. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na biyu, rabuwar aiki: likitan haihuwa ne zai yi allurar, amma likitan yara ne zai ga amfaninta, kowa kuwa yana sashensa. Na uku, tsohon magani ne mai arha, babu kamfanin da zai ci wata riba in ya yi tallarsa. Na huɗu, wanda ya fi su duka, gwaje-gwajen da suka biyo baya yawancinsu ƙanana ne, kowane in an dube shi shi kaɗai bai isa ya yanke hukunci ba. Wani babba da aka yi a Amurka, aka buga a 1981, ya nuna amfani, amma da aka yayyanka sakamakonsa sai ya zama kamar jarirai mata ne suka fi cin moriya, wannan ya ƙara rikita mutane.

Wadda ta warware wannan ƙulli wata likitar haihuwa ce 'yar ƙasar Ailan, Patricia Crowley. Ba ta yi sabon gwaji ba. Abin da ta yi shi ne ta tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙa'ida, ta auna ingancinsu, ta haɗa alƙalumansu wuri guda. A 1990 ita da Iain Chalmers da Marc Keirse suka buga nazarin gwaji 12 da suka ƙunshi mutum fiye da 3,000. Sai gaskiya ta fito fili: maganin yana rage cutar numfashi da kusan rabi, yana rage mutuwa ƙwarai, yana kuma rage zubar jini a ƙwaƙwalwar jariri. Hujjar ta daɗe a warwatse cikin mujallu, mai tarawa ne babu.

A 1992 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi. A 1994 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kira babban taro suka yi haka nan, a lokacin da ko ɗaya cikin biyar na matan da suka haifi ƙananan bakwaini a can ba su samun allurar. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 don tattara hujjojin magani, ta ɗauki zanen sakamakon bakwai daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ta mai da shi tambarinta, don ya zama tuni ga rayukan da aka yi hasara saboda jinkiri.

Tsoron illa ta nesa ma an bi shi. Masu bincike a Okland suka nemo 534 daga cikin jariran gwajin farko bayan sun kai shekara 30, suka auna su. Sakamakon da suka buga a 2005 bai nuna bambanci ba wajen girman jiki, ko hawan jini, ko kitsen jini, sai 'yar alama kaɗan a yadda jikinsu ke sarrafa sukari. Da ba a adana takardun 1969 da kyau ba, da wannan aiki bai yiwu ba.

Inda Kiɗa Ya Sauya

Duk wannan hujja daga manyan asibitocin ƙasashe masu arziki ta fito, alhali mafi yawan bakwaini a Afirka da kudancin Asiya suke mutuwa. Sai aka ga ya kamata a kai maganin har ƙananan asibitoci da ƙauyuka. Tsakanin 2011 da 2014 aka yi wani gagarumin gwaji da ya shafi haihuwa kusan 100,000 a Ajantina, Gwatamala, Indiya, Kenya, Pakistan da Zambiya. Aka koya wa ma'aikatan lafiya da ungozomomi yadda za su gane macen da ke shirin haihuwa da wuri, aka ba su allurar dezametason, 'yar'uwar wadda Liggins ya yi aiki da ita.

Sakamakon da aka buga a 2015 ya girgiza kowa. Mutuwar ƙananan jarirai ba ta ragu ba. Da aka dubi dukkan haihuwa kuwa, sai aka tarar mutuwa ta ƙaru da 3.5 cikin kowace 1,000 a yankunan da aka yaɗa maganin, alamun kamuwa da ƙwayoyin cuta kuma sun ƙaru ga iyaye mata. Babban abin da aka lura da shi shi ne, a inda babu na'urar hoton ciki, ƙidayar watanni da awon ciki da igiya ba su isa su nuna makon da ciki yake ba. Saboda haka mafi yawan matan da aka yi wa allurar ba ƙananan bakwaini suka haifa ba. Sun ɗauki haɗarin magani ba tare da sun ci amfaninsa ba. Waɗanda suka haifi bakwainin na gaskiya kuma, sau da yawa babu kulawar da za ta riƙe ɗan bayan ya zo.

A shekarar nan ta 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sharuɗɗa: a tabbatar da makon ciki daidai, tsakanin 24 da 34, ya zama haihuwar ta gabato, babu alamar ƙwayoyin cuta a jikin uwa, akwai kyakkyawar kulawa wajen karɓar haihuwa, sa'an nan akwai halin farfaɗo da jariri, da ɗumama shi, da ciyar da shi, da yi masa maganin cuta, da ba shi iskar oksijin bisa ƙa'ida. Daga nan hukumar ta shirya nata gwajin a asibitoci 29 da suka cika waɗannan sharuɗɗa a Bangaladash, Indiya, Kenya, Nijeriya da Pakistan. Mata 2,852 suka shiga, daga Disamba 2017 zuwa Nuwamba 2019, aka ma tsayar da gwajin kafin wa'adinsa saboda amfanin ya riga ya bayyana. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna mutuwar jarirai kashi 19.6 a gidan magani, kashi 23.5 a ɗayan, ba tare da ƙarin cuta ga iyaye ba. Rai guda ke nan cikin kowane jariri 25 ko kusa da haka. Likitoci da iyaye mata na Nijeriya suna da hannu a wannan hujja.

Ya kamata in ja kunne a nan. Dezametason magani ne da ake samu a kemis, har waɗansu na shan sa don neman ƙiba, abin da ke da mugun haɗari. Allurar da nake magana a kanta aikin asibiti ce, likita ne ke yanke shawararta bayan ya tabbatar da sharuɗɗan da na lissafa.

Kammalawa

To, jama'a, in muka waiwaya za mu ga cewa wannan aiki ya bi ta hannuwa da yawa. Liggins ya lura da abin da bai fita nema ba. Shi da Howie suka gwada shi bisa ƙa'ida. Crowley ta tara hujjar da ta warwatse. Waɗansu kuma suka sake gwada shi a inda yanayi ya bambanta, suka faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. An girmama Liggins, an zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila a 1980, an ba shi sarautar Sa a 1991, amma da ɗaya daga cikin waɗannan hannuwa ya saki, da aikinsa bai isa inda ya isa ba.

Ga ɗalibai, darasin shi ne kada a raina abin da ya saɓa wa zato a wurin gwaji, kada kuma a ɗauka cewa tara aikin wasu da auna shi ƙaramin ilmi ne. Ga ma'aikatan hukuma kuwa, a lura cewa da an tambayi Liggins a 1965 amfanin yi wa 'ya'yan tumaki tiyata, da ba zai iya ambaton huhun bakwaini ba. A kuma lura cewa sayen allurar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke sa ta yi amfani shi ne mace ta je awon ciki da wuri a ɗauki hoto a rubuta makonta, a sami motar da za ta kai ta babban asibiti cikin lokaci, a sami wuta da oksijin da ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai, a kuma ajiye takardu yadda wani zai iya bin sawu bayan shekara 30. Waɗannan duka a teburin kasafin kuɗi ake yanke su, wasunku kuwa su ne ke zaune a wannan tebur.